Kwamfuta a Madadin Karne: Mene Ne Buɗaɗɗiyar Manhajar Asibiti, Kuma Wa Zai Ciyar da Ita?

Tun da ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da kashin farko na shirin CSU, wato shirin Kamaru na samar da kulawar lafiya ga kowa, a Mandjou, kusa da Bertuwa, ranar 12 ga Afrilun 2023, aka kuma fara yi wa mutane rajista da waya da kwamfuta, magana ɗaya ta ƙi mutuwa a majalisun da nake zama a Garwa: wai an kusa daina karne, wato ɗan littafin asibiti da majinyaci ke riƙewa, komai na asibiti zai koma cikin na'ura. Daga nan sai gardama ta rabu. Wani ya ce manhajar da za a sa kyauta ce, saboda haka ba a bakin komai take ba, don abin kirki ba ya zuwa a banza. Wani ya ce ya ji ana kiranta “buɗaɗɗiya”, ke nan duk mai waya zai iya leƙa ciwon matarsa. Na uku ya ce ai an daɗe da yi, ƙanensa ma wata manhaja mai suna DHIS2 yake cikawa a gunduma.

Dukkansu uku sun kama wani abu, sun saki wani. To me ake nufi da ajiye tarihin mara lafiya a kwamfuta? Me ya sa ake ce wa wasu manhajojin buɗaɗɗu? In kuma kyauta ne, ina kuɗin yake tafiya?

## Abin da ke hannunmu yau

Bari in fara da karne, tunda shi kowa ya sani. Mahaifiyata tana da hawan jini shekara da shekaru, kuma duk tarihinta yana cikin ɗan littafin nan da take ajiyewa a ƙasan kwalla. Wata damina ruwa ya shigo ɗakin. Da muka je asibiti, likitan ya buɗe karnen ya tarar shafukan sun manne, tawadar ta zama shuɗin ruwa. Ya ɗago ya ce, “Inna, wane magani kike sha?”

Ta ce, “Ƙaramin nan fari, ɗana, wanda ake karyawa biyu.”

Rabin magungunan da ke kanti ƙanana ne farare. Haka aka sake awon jini, aka sake na ƙoda, aka sake na zuciya, na biya kuɗin abin da aka riga aka yi wata huɗu da suka wuce. Likitan da ya fara duba ta an yi masa canjin wurin aiki, abin da ya sani game da ita ya tafi da shi.

Ta ɓangaren asibiti kuwa, manyan littattafan rajista ne: na masu zuwa a duba su, na awon ciki, na haihuwa, na rigakafi. Ƙarshen wata ma'aikaci ya zauna yana bin layi da biro, yana ƙirga zazzaɓin cizon sauro nawa, haihuwa nawa, ya cika rahoto ya aika gunduma. Littafin ya san cewa an ga mutum ɗari uku. Bai san cewa Inna ta watan jiya ita ce Inna ta wannan watan ba.

## Abu uku da ake cakuɗawa

A nan ne mutumin da ya ambaci DHIS2 ya ɗan kauce. DHIS2 manhaja ce ta ƙidaya. Asalinta daga Afirka ta Kudu ne bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, Jami'ar Oslo ta Norway ce ke jagorantar gina ta, kuma yau ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 suna amfani da ita, har da Kamaru da Najeriya. Babban aikinta shi ne ta tattara waɗancan rahotannin wata-wata, domin wanda ke Yawunde ya ga inda kwalara ta ɓulla ko inda rigakafi ya ja baya. Tana da sashen da ke iya bin mutum ɗaya-ɗaya a wasu shirye-shirye, amma ba don ta zama fayil ɗin asibiti aka ƙera ta ba.

Na biyu shi ne manhajar kuɗi da inshora, irin su openIMIS, wadda ta samo asali daga Tanzaniya kuma ake aiki da ita a Kamaru da Cadi. Ita tambayarta daban ce: wane ne ya yi rajista, me aka yi masa, nawa za a biya asibiti. Mace mai ciki da ta sayi cek ɗin lafiya na sefa 6,000, wanda aka fara a jihohin arewa uku, irin wannan lissafin ne ke bayanta.

Na uku shi ne abin da muke magana a kai: fayil ɗin mutum ɗaya, daga ranar da ya fara zuwa har yau. Me ya kawo shi, me aka gano, wane magani aka ba shi da adadinsa, wane magani jikinsa ba ya karɓa, me awo ya nuna bara. Karne ne, amma wanda ruwa ba ya jiƙawa, kuma mai ɗakin awo da mai ba da magani da likita duk suna kallon shafi ɗaya. Wannan shi ne mafi wahala a cikin ukun, kuma shi ne mafi ƙaranci a asibitocinmu.

## Buɗaɗɗiya ta ina?

Kowace manhaja tana da rubutun asali, wato umarnin da masu gina ta suka rubuta layi-layi. Kamfani mai sayar da manhaja yana ɓoye wannan rubutun. Kai dai ka biya lasisi ka yi amfani. In ta lalace shi kaɗai zai gyara, in kana son a ƙara wani abu shi zai yanka maka farashi. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa an wallafa rubutunta a fili, da lasisin da ya ba kowa izinin ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya raba wa wani. Richard Stallman ne ya fara wannan fafutuka a Amurka a 1983, Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ta biyo baya a 1991, kuma duk mai wayar Android a aljihu yana ɗauke da ita ko bai sani ba.

Mu da ke hawa moto kullum ba sai an yi mana dogon bayani ba. Babur ɗan China in ya tsaya maka a hanyar Pitowa, kowane bakanike a gindin bishiya zai kwance shi ya ɗaure, domin cikinsa ba sirri ba ne. Amma akwai motar da in ta yi tari sai an kira mai na'ura daga Duwala. Ba wai babur ɗin ya fi motar kyau ba ne. Magana ce ta wa ke iya taɓa shi.

Shi kuma mai tsoron a leƙa ciwon matarsa, ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Abin da aka buɗe shi ne yadda aka ƙera manhajar, ba bayanan da aka zuba a cikinta ba. Duk maƙerin garin nan ya san yadda cikin kwado yake, wannan bai ba shi mabuɗin shagonka ba. Tsoron nasa yana da tushe, zan dawo kansa, amma ba daga wannan ƙofar ɓarawon zai shigo ba.

## Daga ina suka fito

Cikin buɗaɗɗun manhajojin fayil ɗin mara lafiya, wanda ya fi shahara a Afirka shi ne OpenMRS. An fara shi a 2004, lokacin da likitoci biyu na cibiyar Regenstrief da ke jihar Indiana ta Amurka, Paul Biondich da Burke Mamlin, suka haɗa kai da Hamish Fraser na ƙungiyar Partners In Health. A 2006 ya fara aiki a Eldoret ta Kenya, sannan a Rwinkwavu ta Ruwanda. Daga jikinsa Kenya ta fitar da KenyaEMR, Uganda ta fitar da UgandaEMR, Najeriya ma ta gina nata.

Dalilin haihuwarsa yana da muhimmanci, domin shi ke bayyana abin da muke gani har yau. Asusun Global Fund ya tashi a 2002, shirin PEPFAR na Amurka a 2003, maganin ƙanjamau ya fara isowa da yawa. Shi kuma ƙanjamau ba zazzaɓi ba ne da za a yi allura uku a sallami mutum. Magani ne na har abada, dole a san wa ya zo karɓa, wa ya ɓace, wa ƙwayar cutar ta ƙi sauka a jininsa, kuma masu ba da kuɗin suna son alƙaluma. Takarda ta gaza, aka nemi kwamfuta. Shi ya sa a asibitoci da dama na nahiyar nan za ka tarar sashen masu wannan cutar yana da kwamfuta da sola da ma'aikacin shigar da bayanai, ƙofa ta gaba kuma, inda masu hawan jini da ciwon suga suke layi, biro ne da littafi. Manhajar ba ta bi buƙata ba, kuɗi ta bi.

Akwai Bahmni, wadda kamfanin ThoughtWorks ya gina tare da wani asibitin karkara a jihar Chhattisgarh ta Indiya. Ita ta ɗauki OpenMRS ta haɗa da manhajar ɗakin awo da ta kantin magani da lissafi, don asibiti ya samu abu guda. Akwai kuma GNU Health ta likitan nan ɗan Sifen, Luis Falcón, wadda aka girka a asibitin gunduma na Bafia a jihar Tsakiya. Ke nan ba labarin wata duniya ba ne. An taɓa shi a ƙasar nan.

## Dokin kyauta ma dawa yake ci

Gaskiya ne ba a biyan lasisi. Amma wanda aka ba doki kyauta, daga ranar ya shiga sayen harawa.

Fara da wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana rataye a madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka kammala a farkon shekarun 1980, kuma in ruwan Binuwai ya ja baya kowa ya san abin da ke biyowa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun rage zafi, ba su kashe matsalar ba. A Cadi abin ya fi muni, wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke da lantarki. Asibitin da ya koma kwamfuta ba tare da sola da batura ba, ranar da aka ɗauke wuta ya makance gaba ɗaya, gara ma mai littafi. Ƙara da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Na'urar da ke riƙe da bayanai tana son ɗaki mai sanyi da tsabta fiye da yadda majinyaci ke samu.

Sai rezo. Nan buɗaɗɗun manhajojin suna da wata fa'ida ta zahiri: OpenMRS da Bahmni ana iya girka su a kan na'ura ɗaya cikin asibitin, kwamfutocin ɗakuna su riƙa magana da ita ba tare da intanet ba. Wanda ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke intanet ya durƙushe a ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka, ya san darajar wannan. Sai dai ajiye komai a ɗaki ɗaya yana nufin gobara ɗaya ko ambaliya ɗaya, irin wadda ta ci Yagwa a 2024, ta isa ta share tarihin gari guda, in ba a kwafe shi kullum ana kai wa wani wuri ba.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro ba wuta ba ne, suna ne. Kwamfuta tana son ta san cewa wannan mutumin shi ne wancan. To ga mutum ɗaya: a katin shaidarsa Mohamadou, a karnen da aka rubuta masa a Kusiri Mahamat, a Mubi an rubuta Muhammadu, a unguwa kuma Bappa kowa ke ce masa. Ranar haihuwa babu, takardarsa cewa ta yi an haife shi “wajen” shekara kaza, sai ma'aikaci ya buga 1 ga Janairu, kamar yadda ya buga wa mutum arba'in kafin shi. Ka tambayi dattijuwa sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ta sunkuyar da kai, don kunya ba ta bari ta faɗa ba. Lambar waya ta maƙwabci ce. Adireshi, bayan masallacin Juma'a. Cikin shekara ɗaya sai ka samu Aisatu guda tana da fayil huɗu, ko abin da ya fi haɗari, Aisatu biyu sun faɗa fayil ɗaya, a ba wannan maganin waccan. Wanda ya rubuta manhaja a Indiana ko Bangalore ta Indiya bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Amfanin buɗaɗɗen rubutu shi ne ɗan Marwa da ya san cewa Mahamat da Mohamadou suna ɗaya ne zai iya koya wa manhajar. In akwai shi. In kuma ana biyansa.

Wannan ne kuɗin da ba a son faɗa a wurin bikin ƙaddamarwa: albashin mutum. Wanda zai girka, wanda zai fassara fom zuwa Faransanci, a Cadi har da Larabci, wanda zai koyar da ma'aikata, ya sake koyar da sababbi bayan an yi wa na farko canji, wanda za a kira da tsakar dare in na'ura ta ƙi tashi. Jami'o'in Ngaundere da Marwa suna yaye masu ilimin kwamfuta kowace shekara. Mafi yawansu Duwala da Yawunde suke nufa, don can aikin yake.

## Masu so, masu ƙi, da masu yin shiru

Masu goyon baya hujjarsu mallaka ce. Na ga abin da suke nufi da idona a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da nake kai yarana. Sun sayi manhaja a hannun wani, ta yi aiki shekara biyu lafiya lau. Sai suka saɓa a kan kuɗin sabuntawa, mutumin ya daina ɗaga waya. Wata safiya manhajar ta ƙi buɗewa. Bayanan suna nan cikin na'urar, a ɗakinsu, a kan teburinsu, amma babu mai iya fito da su. Ranar na ga mai karɓar baƙi ta jawo tsohon littafi daga ƙasan kabad tana kaɗe masa ƙura. Da buɗaɗɗiya ce, da sun kira wani ya ci gaba daga inda wancan ya tsaya.

Masu sayar da manhaja su ma ba shirme suke faɗa ba. Suna cewa: in tamu ta lalace akwai wanda za ka kama, akwai yarjejeniya, akwai kotu, in ta jama'a ta lalace, wa za ka kama? Tukunyar da kowa ke da ita, wa ke wanke ta? Amsar ita ce ana iya ɗaukar kamfani na gida a biya shi ya kula da buɗaɗɗiyar, a kore shi in ya gaza, amma wannan sai hukumar da ta san abin da take saye.

Tarihi bai ba kowane ɓangare gaskiya duka ba. Ingila ta zuba kusan fam biliyan 10 a shirin haɗa bayanan asibitocinta ta hannun manyan kamfanoni, ta watsar da shi a 2011. A ɗaya gefen, hukumar tsofaffin sojojin Amurka da ta gina manhajar asibiti mai suna VistA, wadda rubutunta ke hannun jama'a har Jodan ta ɗauka ta yi amfani da ita, ta sa hannu a 2018 don komawa manhajar kamfanin Cerner. Mu kuma namu darasin ya zo a Janairun 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje. Rubutun OpenMRS bai je ko'ina ba, yana nan kyauta, amma masu shigar da bayanai da masu kula da na'urori da dama a Afirka daga wannan tallafin ake biyansu. Manhaja tana iya zama mai 'yanci alhali asibitin da ke amfani da ita ba shi da shi.

Ma'aikatan jinya kuwa ƙorafinsu ɗaya ne, kuma ina ganin sun fi kowa gaskiya: aiki biyu. A ce ka rubuta a karne, ka rubuta a rajista, sannan ka buga a kwamfuta, ga mutum sittin a benci. Duk tsarin da bai ɗauke wa ma'aikaci wani littafi ba, bai kuma fitar masa da rahoton wata da kansa ba, zai mutu a hankali ba tare da kowa ya ce ya ƙi shi ba.

Akwai kuma masu shiru. In kowane kwalin magani da kowace sefa suna barin sawu a na'ura, wasu hanyoyin cin abinci za su toshe. Irin waɗannan ba sa gardama a taro. Kwamfutar ce kawai za ta riƙa “lalacewa”.

## Maganar sirri

Kamaru ta samu dokar kare bayanan mutane a ranar 23 ga Disambar 2024, doka mai lamba 2024/017. Cadi ta riga ta, tun 2015. Harin 'yan kutse kuma ba tatsuniya ba ne: a Yunin 2024 sun durƙusar da hukumar ɗakunan awo ta Afirka ta Kudu, sakamakon gwaje-gwaje ya tsaya makonni. Buɗaɗɗun manhajoji ma ana samun ɓaraka a jikinsu. A 2018 masu bincike sun tono ramuka da dama a OpenEMR, wata buɗaɗɗiyar manhajar asibiti daban da OpenMRS, aka toshe. Toshewar ba ta amfani asibitin da ya shekara uku bai sabunta tasa ba.

Amma a gari irin namu, wanda zai tona maka asiri ba wani ɗan kutse ba ne daga ƙetare. Ɗan maƙwabcinka ne da ke aiki a ɗakin rajista, da kalmar sirri guda da aka rubuta a takarda aka manna a jikin allo, kowa na shiga da ita. Manhaja mai kyau tana ba kowane ma'aikaci ƙofarsa, tana hana mai karɓar kuɗi ganin sakamakon awo, tana kuma rubuta wa ya buɗe fayil ɗin wa, da ƙarfe nawa. Wannan na ƙarshen karne ba ya yi. Kada mu manta shi ma karnen ba ɓoyayye ba ne: miji yana karantawa, kishiya tana kai wa ɗanta ɗan makaranta ya karanta mata.

## Iyaka

Abu ɗaya ne karne ya fi kowace manhaja a yau: yana ƙetare iyaka. Matar Kusiri tana haye gadar Ngeli ta ga likita a Njamena. Ɗan Garwa yana zuwa Yola. Makiyayi yana rani a wata ƙasa, damina a wata. 'Yan gudun hijirar Najeriya da ke sansanin Minawao tun 2013 wata rana wasunsu za su koma Borno. Kowannensu karnensa na aljihu, kuma duk likitan da ya iya karatu zai karanta.

Kwamfutar asibiti ɗaya kuwa ba ta magana da ta asibitin da ke tsallaken titi sai an sa su yare ɗaya. Akwai ƙa'idar musayar bayanai da ake kira FHIR, kuma OpenMRS da DHIS2 da openIMIS duk suna ƙoƙarin jin ta. Amma yare ɗaya bai isa ba sai da lambar shaida ɗaya ga kowane majinyaci, da yarjejeniya tsakanin asibitin gwamnati da na mishan da na 'yan kasuwa, balle tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda ya ce maka gobe za ka shiga kowane asibiti a buga sunanka tarihinka ya fito, yana sayar maka da abin da bai iso ba tukuna. Abin da mutum zai fara gani, in aikin ya yi kyau, ƙarami ne: a asibitin da ya saba zuwa ba za a sake masa awon da aka yi watan jiya ba, kuma rasit zai fito daga na'ura.

Inna dai an saya mata sabon karne. Yanzu yana cikin leda biyu, a saman kabad, ba a kwalla ba. Duk ranar da muka dawo daga asibiti nakan ɗauki hoton sabon shafin da wayata in tura wa ƙanwata a Ngaundere. Na kuma sa mai kantin magani ya rubuta sunan ƙaramin farin nan da manyan baƙaƙe a bangon karnen, ta ciki.